Shari'ar da Ba a Yanke Ba: Waiwaye Kan Kotunan Ayilan da Masu Rubuta Hukuncinsu

Ban tashi da niyyar sanin tarihin kotunan Ayilan ba. Sawun wata shari'ar Legas nake bi, ta Amodu Tijani, Cif Oluwa, wanda ya kai ƙarar gwamnatin mulkin mallaka har Landan a kan filayen Apapa, ya kuma yi nasara a 1921. Malaminmu na dokar mallakar ƙasa ne ya ce mu nemo inda aka kafa hujja da wannan hukunci a wajen Nijeriya. Neman ya kai ni ga shari'ar Mabo, wadda Babbar Kotun Ostireliya ta yanke a watan Yunin 1992, inda ta amince cewa mutanen tsibirin Mer ba su rasa haƙƙinsu a kan ƙasar kakanninsu ba don kawai Ingila ta kafa tuta. A cikin dogon bayanin Mai Shari'a Brennan na tarar da sunan Amodu Tijani, kamar yadda na zata. Sai kuma idona ya faɗa kan wani suna da ban taɓa ji ba: shari'ar Tanistry, ta shekarar 1608, daga Ayilan. Tsakaninta da Mabo shekara 384 ne. Na ajiye aikin da aka ba ni na bi ta, da tunanin zan tarar da wani gawurtaccen hukunci na wani gawurtaccen alƙali. Abin da na tarar ya sauya mini yadda nake karanta kowane kundin shari'a tun daga ranar: ashe ba a taɓa yanke hukunci a shari'ar ba.

Kafin in kai ga yadda hakan ta faru, dole in faɗi abin da aka kai gaban kotun don a kashe. Mutanen Ayilan suna da nasu tsarin shari'a tun kafin sojan Ingila ya taka tsibirin, kuma sun rubuta shi da harshensu tun ƙarni na 7 da na 8. Alƙalinsu brithem ake ce masa, kalmar da bakin Ingilishi ya lanƙwasa ta koma brehon, har sunan ya bi dokar gaba ɗaya. Babban kundinta shi ne Senchas Már. Doka ce da ta dogara ga diyya fiye da kurkuku ko hauni. Kowane ɗa yana da abin da suke kira kuɗin fuska, wato ƙimar mutuncinsa, kuma da ita ake auna abin da za a biya shi in an ci zarafinsa, da nauyin rantsuwarsa, da girman yarjejeniyar da zai iya ƙullawa. Talakan da ke bin babban mutum haƙƙi yana iya zama a ƙofar gidansa ya ƙi cin abinci, kuma in maigidan ya ci nasa bai kula ba, mutuncinsa ya zube a idon doka. Akwai ma littafi guda, Bechbretha, a kan ƙudan zuma kaɗai, wanda ya tanadi cewa bayan shekara uku maƙwabta huɗun da ƙudan ke kiwo a filayensu suna da rabo. A cikinsa ne aka ambaci Sarki Congal Cáech, wanda ƙudan zuma ya makantar da idonsa ɗaya, ya rasa sarautar Tara saboda sarki ba ya zama da naƙasa.

Labarin Congal yana cikin 'yan wurare ƙalilan da waɗannan littattafai suka kama sunan mutum suka ce ga abin da ya same shi. Galibinsu ƙa'idoji ne zalla, da sharhi a kan ƙa'ida, da sharhi a kan sharhi. Ba al'adarsu ba ce a rubuta cewa ran kaza wane ya yi ƙarar wane, alƙali wane ya yanke kaza. Ilimin yana hannun wasu gidaje da suka gaje shi, irin su MacEgan da O'Davoren. Har cikin shekarun 1560 ɗaliban makarantar O'Davoren da ke Cahermacnaghten, a tsakiyar duwatsun Burren, suna kwafe tsoffin littattafai a kan fata, suna barin ƙorafin sanyi da yunwa a gefen shafi.

Dokar Ingila kuwa wata irin halitta ce daban. Rayuwarta a kan hukuncin da ya gabata take: abin da alƙalin jiya ya yanke shi ke ɗaure alƙalin yau. Amma alƙalin yau bai halarci zaman jiya ba. Abin da ya sani shi ne abin da wani ya zauna ya rubuta, ya tace, ya buga. Saboda haka mai rubuta rahoton shari'a, wanda ba ya zama a kujerar alƙali, ba a kuma miƙe masa in ya shigo, yana riƙe da wani iko da ba kasafai ake lura da shi ba.

Normawa sun shigo Ayilan a 1169, Sarki Henry na II ya biyo su a 1171, kuma a 1210 Sarki John ya zo da kansa ya umarta a bi dokar Ingila. Umarnin bai wuce inda takobinsa ya kai ba. Ƙarni huɗu aka yi dokoki biyu suna zaune a tsibiri ɗaya, ta sarki a Dublin da kewayenta da manyan garuruwa, ta brehon a sauran ƙasar. Har jikokin Normawan kansu suka riƙa kai ƙara gaban brehon, abin da ya sa dokokin Kilkenny na 1366 suka haramta musu hakan. A duk tsawon wannan zamani kotunan sarki suna rubuta ayyukansu a kan naɗaɗɗun fatu suna adanawa, amma ba a buga littafin rahoton shari'a ko ɗaya na Ayilan ba sai 1615.

Wanda ya buga shi Sir John Davies ne. Mawaƙi ne da ya yi suna a Landan kafin a turo shi Dublin a 1603, ya zama Babban Lauyan Sarki daga 1606 zuwa 1619. Ya iso daidai lokacin da aka karya ƙarfin sarakunan arewacin tsibirin a Yaƙin Shekara Tara, kuma ya yi imani cewa abin da takobi ya fara, doka ce za ta ƙarasa. Mutum ne mai kaifin basira da rashin kunya daidai gwargwado. A majalisar 1613, da wakilan Katolika suka ɗora nasu ɗan takarar, Sir John Everard, a kujerar kakaki, magoya bayan Davies ɗaukarsa suka yi cak suka dire shi a cinyar mutumin. Littafin nasa da Faransancin lauyoyi ya rubuta shi, wani gurɓataccen harshe da ba a magana da shi a ko'ina sai a kotunan Ingila. Manomin da ake maganar gonarsa a ciki ba zai gane ko layi ɗaya ba, kuma ba a fassara littafin zuwa Ingilishi ba sai 1762.

Shari'o'in da ke ciki ba su da yawa, kuma ba da ka aka zaɓe su ba. Akwai ta gauraye kuɗi: wani ɗan kasuwar Drogheda mai suna Brett ya yi alkawarin biyan Gilbert na Landan fam 100 a kabarin Strongbow da ke cocin Christ Church, kafin ranar biya ta zo Sarauniya Elizabeth ta rage azurfar kuɗin Ayilan don ta ɗauki nauyin yaƙi, Brett ya kawo sabon kuɗin, alƙalai suka ce ya biya, domin kuɗi shi ne abin da mai mulki ya ce kuɗi ne. Akwai ta kamun kifi a kogin Bann, ta 1610, inda aka ce kifin da ke cikin kogin da ruwan teku ke shiga yana fita mallakar sarki ne. Akwai matsayar da alƙalai suka ɗauka a 1606, ba tare da wani ya kawo ƙara ba, ta soke al'adar raba gado da ake kira gavelkind, wadda ke sa a sake rarraba ƙasar dangi tsakanin mazansu idan ɗaya ya mutu. Duk inda mai karatu ya buɗe, sarki ne ke da gaskiya.

Sai Tanistry. A al'adar Ayilan sarautar dangi da ƙasar da ke tare da ita ba sa sauka kai tsaye daga uba zuwa babban ɗa. Ana zaɓen wanda ya fi girma da cancanta a cikin zuriyar, sau da yawa tun mai sarautar yana raye, shi ne tánaiste, mai jiran gado. Rigimar ta taso ne a kan wani gidan sarauta da filayensa a ƙasar O'Callaghan, cikin gundumar Cork, tsakanin Murrough MacBryan da Cahir O'Callaghan, dukansu 'yan ƙasa. Hujjar ɓangare ɗaya ta bi ta kan gadon al'ada, ta ɗaya ta bi ta kan gadon dokar Ingila. Davies ya shimfiɗa muhawarar dalla-dalla, ya jero dalilan da suka sa al'adar ta zama ɓatacciya: ba ta da tabbas, domin babu ma'aunin da zai nuna wanda ya fi cancanta, ƙarshenta mai ƙarfi ne ke ɗauka, tana haifar da zubar da jini, tana hana 'ya'ya mata gado, tana tauye haƙƙin sarki, kuma ko da ta taɓa zama doka, shigowar dokar Ingila ta shafe ta. Wanda ya karanta zai ɗauka yana sauraron kotu ne tana yanke hukunci. Sai a ƙarshe, cikin 'yan layuka, Davies ya faɗi cewa bayan shari'ar ta yi shekara uku ko huɗu a gaban kotu, masu rigimar sun sasanta da yardar alƙalai, sun raba ƙasar a tsakaninsu.

Na maimaita karanta wannan wuri ya fi a ƙirga. Mutum biyu sun gaji da zirga-zirga, sun raba gona, kowa ya koma gida. Amma abin da ya shiga littafi, ya zama doka, ya bi jiragen ruwan Ingila zuwa nahiyoyi, shi ne muhawarar kamar yadda lauyan sarki ya ga dama ya tsara ta. Ba na cewa Davies ya ƙaga ra'ayin alƙalan; alƙalan sarki ne, kuma matsayarsu ta 1606 ta nuna inda zuciyarsu take. Abin da nake cewa shi ne mai ruwa da tsaki ne ya riƙe alƙalami, babu kuma wani rahoto na biyu da aka buga da za a gwada nasa da shi. Shekara guda kafin shari'ar, a 1607, manyan sarakunan arewa sun tsere zuwa Turai, daga 1609 aka fara raba ƙasarsu ga baƙi daga Ingila da Sikotlan, Davies kansa ya sami rabo har ya gina ganuwa a Castlederg. Soke gadon al'ada shi ne ya mayar da ƙasar dangi ta zama ta mutum ɗaya, wadda za a iya ƙwacewa in an same shi da laifin cin amanar sarki.

Duk da haka rubutu yakan kuɓuce wa mai shi. A cikin wannan rahoto dai Davies ya rubuta cewa cin ƙasa da yaƙi bai mayar da kowace gona hannun sarki ba, sai in akwai shaidar cewa an karɓe ta. 'Yan ƙasar da aka bari a kan filayensu suna da ingantaccen haƙƙi. Wannan gefen ne Brennan ya ɗauko a 1992 ya haɗa da hukuncin Amodu Tijani, ya rushe da'awar cewa Ostireliya ƙasa ce da ba ta da mai ita. Makamin da aka ƙera don raba mutanen Cork da al'adarsu shi ya taimaka wa mutanen Mer. Eddie Mabo bai ga ranar ba, ya rasu a watan Janairun shekarar.

Bayan Davies sai shiru. In ban da 'yan tsirarun rubuce-rubuce, an yi kusan shekara 170 ba a sami jerin rahotannin kotunan Ayilan ba. Dalilan a fili suke. Tun 1542 doka ta wajabta wa mai son zama lauya a Dublin ya je ya yi zama a ɗaya daga makarantun lauyoyi na Landan, sharaɗin da bai faɗi ba sai 1885. A 1720, bayan rigimar shari'ar Sherlock da Annesley, majalisar Birtaniya ta ƙwace wa Majalisar Dattawan Ayilan ikon sauraron ɗaukaka ƙara. Masu ɗab'i na Dublin kuma suna sake buga rahotannin Ingila da araha, tunda dokar haƙƙin mallakar rubutu ba ta shafe su ba. Wa zai ɓata tawada a kan hukuncin kotun da maganarta ba ita ce ta ƙarshe ba? Ɗaya daga cikin 'yan littattafan da suka fito a wannan tsakani shi ne na Gorges Edmond Howard, na 1775, wanda ya tattara shari'o'in dokokin takura wa Katolika. A cikin waɗannan dokoki akwai ta 1704, wadda ta tilasta a raba gonar ɗan Katolika tsakanin dukan 'ya'yansa maza, sai fa in babban ya sauya ɗarika ya ɗauke duka. Wato rabon da aka kira na jahilci a 1606 an dawo da irinsa bayan ƙarni guda, da aka ga zai yi amfani wajen daddatsa gonakin waɗanda ake so a talauta.

Da ikon ɗaukaka ƙara ya dawo Dublin a 1782, masu rahoto suka ɓullo kamar an yi ruwan farko: Vernon da Scriven, sai Ridgeway, daga baya Schoales da Lefroy. A wannan zamani ne aka gina Four Courts a bakin kogin Liffey, ginin James Gandon mai babbar ƙubba, inda kotuna huɗu suka tare a 1796 bayan sun baro tsohon matsuguninsu na gefen Christ Church, kusa da wani lungu da mutanen gari ke kira Jahannama. Haɗewar 1801 ta sake mayar da maganar ƙarshe Landan, amma al'adar rahoto ta riga ta kama ƙasa. A 1866 aka kafa majalisar da ke kula da buga rahotanni, shekara guda bayan ta Ingila, kuma jerin Irish Reports da ake amfani da shi har yau ya faro ne daga 1894.

Kundayen wannan zamani tsaf suke, sai dai akwai muryar da ba ta cikinsu. Dokar 1737 ta ce da Ingilishi kaɗai za a gudanar da shari'a, a ƙasar da akasarin talakawanta ba sa jin sa. A 1882 aka gurfanar da Maolra Seoighe, wanda takardun kotu suka kira Myles Joyce, bisa zargin hannu a kisan mutum biyar 'yan gida ɗaya a Maamtrasna. Ba ya jin Ingilishi, masu taya alƙali yanke hukunci a Dublin ba sa jin harshensa, cikin 'yan mintoci suka same shi da laifi. An rataye shi a Galway a watan Disamba yana ta rantsuwa da harshensa. Sai a 2018 Shugaba Michael D. Higgins ya yi masa afuwa. A 1905 kuma aka ci tarar Niall Mac Giolla Bhríde, mutumin Donegal, don ya rubuta sunansa a jikin amalankensa da haruffan harshensu. Lauyan da ya tsaya masa a ɗaukaka ƙara, ya kuma sha kaye, shi ne Patrick Pearse, wanda ya jagoranci tawayen 1916 aka harbe shi. Wannan shari'ar ta shiga kundi, tana cikin mujalladin 1906.

Wani abin mamaki shi ne gwamnatin Birtaniya ce da kanta ta biya kuɗin tono dokar brehon. A 1852 ta kafa hukuma, John O'Donovan da Eugene O'Curry suka ƙarar da sauran rayuwarsu suna kwafe tsoffin fatu, aka buga aikin cikin mujalladi shida tsakanin 1865 da 1901. Ga masu mulki kayan tarihi ne, abin ajiyewa a kanta. Ga masu neman 'yanci kuwa shaida ce cewa sun taɓa yin shari'a da kansu. Da majalisar 'yan tawaye, Dáil, ta kafa nata kotuna a 1920, ta yarda a kafa hujja da tsoffin littattafan. Kotunan suna zama a makarantu da rumbuna da gidajen mutane, mata suna cikin alƙalansu, jama'a suka ƙaurace wa kotunan sarki a yankuna da dama. Ba 'yan sandan Birtaniya ne suka ga bayansu ba. Sabuwar gwamnatin 'yan ƙasa ce ta rufe su a 1922, bayan wani alƙalinsu, Diarmuid Crowley, ya ba da umarnin a kawo masa wani fursunan yaƙin basasa, George Plunkett. Hukunce-hukuncensu ba su sami gurbi a Irish Reports ba.

A wannan shekara ce kuma aka yi asarar da ba ta da magani. A watan Afrilu dakarun da suka ƙi yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya suka mamaye Four Courts a ƙarƙashin Rory O'Connor. Ranar 28 ga Yuni sojan gwamnatin riƙo suka fara yi musu luguden igwa. A harabar akwai Ma'adanar Takardun Ƙasa, wadda aka kafa a 1867 aka tattaro mata abin da ya warwatsu a hasumiyoyi da ɗakunan kotuna: naɗaɗɗun fatun shari'a tun daga ƙarni na 13, wasiyyoyi, rajistar coci-coci, takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Masu mamayar sun ajiye albarusai a harabar. Ranar 30 ga Yuni wata gagarumar fashewa ta girgiza birnin, wuta ta cinye ɗakin ajiyar, ƙonannun takardu suka riƙa sauka a unguwannin Dublin. Har yau masana na jayayya a kan wanda ya fi ɗaukar alhaki, ko dai mai harbi ko mai ajiye albarushi kusa da takarda. Na daɗe ina kallon hotunan wannan rana, hayaƙi ya turnuƙe sama da ƙubbar Gandon. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa tattarawar ce ta jawo girman asarar. Da an bar takardun a warwatse da wasu sun tsira. Abin da ya rage shi ne abin da wani ya riga ya kwafa ko ya taƙaita ko ya buga, kamar taƙaitattun bayanan shari'o'in ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14 da James Mills ya fitar, da jagoran ma'adanar da Herbert Wood ya wallafa a 1919, wanda ya koma jerin sunayen abin da babu. Ainihin takardun kotu sun zama toka, littafin Davies kuwa, da yake an buga shi da yawa, yana nan garau. A 2022 masana a Kwalejin Trinity ta Dublin suka buɗe wata ma'adana a intanet, suna harhaɗa kwafe-kwafen da suka samo daga ɗakunan ajiya na ƙasashe daban-daban.

Sabuwar ƙasar ba ta koma ga dokar brehon ba. Sashe na 73 na kundin tsarin mulkin 1922 ya ci gaba da aiki da dokokin da aka tarar, dokar kotuna ta 1924 ta shimfiɗa matakai huɗu tun daga kotun gunduma har Kotun Ƙoli. Alƙalin Alƙalai na farko, Hugh Kennedy, ya so a sauya wa alƙalai tufafi su yi kama da na brehon, abokan aikinsa suka ƙi, aka ci gaba da sa hular gashin doki. Sai a shekarun 1960 da 1970, zamanin Cearbhall Ó Dálaigh da Brian Walsh, Kotun Ƙoli ta fara magana da murya tata sosai, har ta yanke a shari'ar Byrne ta 1972 cewa ana iya ƙarar gwamnati, domin kariyar da sarki ke da ita ba ta ƙetaro zuwa sabuwar ƙasa ba. Amma tun kafin wannan akwai wata shari'a da ta fi kowace burge ni, saboda ta koma ta tsaya daidai inda Davies ya tsaya.

A Ballyshannon, cikin gundumar Donegal, kogin Erne ke faɗawa teku, kuma a da nan ne ɗaya daga wuraren da suka fi albarkar kifin salmon a tsibirin. Wani kamfani ne ke da ikon kamun kifi a bakin kogin shi kaɗai, da takardun da salsalarsu ta koma ga kyautar da sarakunan Ingila suka yi a farkon ƙarni na 17. A 1925 wasu masunta daga ƙauyen Kildoney suka shiga ruwan da kwalekwale da rana tsaka, suka jefa taru da gangan don a kama su. Rigimar ta zama shari'ar Moore da Babban Lauyan Gwamnati. Babbar Kotu ta ba masu kamfanin gaskiya, aka ɗaukaka ƙara.

Hujjar da aka kafa wa masuntan ta fito ne daga cikin dokar Ingila kanta. Bisa fassarar da kotunan Ingila suka daɗe suna yi wa Magna Carta, sarki ba shi da ikon keɓe wa wani mutum kamun kifi a ruwan da teku ke shiga, sai in an riga an keɓe wurin kafin mutuwar Henry na II a 1189. Tambayar sai ta zama: wace doka ke aiki a Donegal a 1189? Ba ta Ingila ba ce, domin ikon sarki bai isa can ba sai bayan ƙarni huɗu. Ta brehon ce. Sai ga malaman tsohon harshe, Eoin MacNeill da Daniel Binchy, a gaban kotu suna ba da shaida a kan abin da littattafan ƙarni na 7 da na 8 suka tanada game da ruwa da kifi. A watan Yulin 1933 Kennedy da Mai Shari'a Murnaghan suka yanke cewa ba a nuna akwai irin wannan keɓantaccen haƙƙi a ƙarƙashin tsohuwar dokar ba, don haka kyautar sarki ba ta da tushe, ruwan na kowa ne. Mai Shari'a FitzGibbon ya saɓa musu. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani.

Kada a ɗauka Kennedy ya tayar da dokar brehon daga kabari. Bai yi hukunci da ita ba, tambayarta ya yi a matsayin shaida, kuma ƙa'idar Ingila ce ta buɗe mata ƙofa. Akwai ma masu ganin, kamar FitzGibbon, cewa rushe mallakar da aka yi ƙarni uku ana saye ana sayarwa a kanta abu ne mai haɗari, kuma ban ce ba su da abin faɗa ba. Amma a wannan karon an saurari ɓangarorin biyu, an yanke hukunci, an rubuta ra'ayin masu rinjaye da na wanda ya saɓa, kowa da dalilansa, a mujalladin Irish Reports na 1934 daga shafi na 44.

Masu kamfanin suka garzaya Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar mashawartan sarki, kotun da ta saurari Amodu Tijani shekaru kaɗan kafin nan. Kafin a saurare su majalisar Dublin ta soke damar ɗaukaka ƙara zuwa can, a ƙarshen 1933. A 1935 kwamitin da kansa ya yarda cewa Dokar Westminster ta 1931 ta ba Dublin ikon yin hakan, ya tsame hannunsa. Binchy ya ci gaba da aikinsa a kan tsoffin fatun har ya fitar da su cikin mujalladi shida a 1978. Masuntan kuwa ba su daɗe suna cin moriyar nasararsu ba. Da aka buɗe ruwan ga kowa taruna suka yi yawa, sannan daga 1946 hukumar wutar lantarki ta fara gina madatsun ruwa biyu a kan Erne, magangarar Assaroe da kifin ke tsallakewa ta ɓace, kifin da aka yi shekara takwas ana shari'a a kansa ya ragu ƙwarai.